Ƙafafun Inna Bayan Takaba

Tun da na yi wayo ban san Inna da zama ba. Ko tuwo take ci, kafin ta kai rabi ta miƙe ta tuna da wani aiki. Gidanmu yana Kolere, gonar gyaɗarta kuma tana hayin rafin da muke kira mayo, can wajen Wuro Patuji, kuma a ƙafa take zuwa ta dawo ko da hanya ta zama kunu da damina. Idan mai napep ya rage gudu ya ce, "Mama, shigo mana," sai ta ce masa ya ƙara gaba, ƙila ya dace da gurgu. Shekarar da 'yan bindiga suka shigo gari ya watse kowa ya kama gabansa, a ƙafa ta bi da mu ta Sahuda har bakin iyaka, tana gaba muna baya muna haki, tana waiwayowa tana yi mana tsiya wai abincin da muka ci duk asara ne.

Yadda ƙafarta take haka kanta yake. Ta san wa ya girmi wa a duk yaran layinmu. Ta san matar da ta ari turminta tun ina goye ta mayar da shi a tsage, kuma ba ta fasa tuna mata ba duk ranar sallah. Ni ce autarta, kuma Auta take kira na ko a gaban surukaina.

Baba ya rasu da farkon damina bayan 'yar gajeriyar jinya. Baduku ne, sana'ar da kakanmu ya taho da ita daga ƙasar Katsina, kuma danginsa na can ba su taɓa daina yi mana kallon waɗanda zaman gabas ya lalata ba. Yayarsa, wadda muke kira Gwaggo, ta zo ta'aziyya da ƙullin kaya ƙato. Ina ganin girman ƙullin nan na san ba ranar bakwai za ta koma ba. Ta ce ita za ta zaunar da Inna takaba yadda ake yin ta a gida.

Takabar da na sani ita ce mace ta zauna a gidan mijinta wata huɗu da kwana goma, ba kwalliya, ba maganar aure. Ta Gwaggo tana da 'ya'ya da jikoki. Inna ba za ta fito daga ɗaki ba sai kewaye da alwala. Idan ta fito, a hankali za ta taka, kai a sunkuye. Ba za ta ɗaga murya ba, ba za ta taɓa taɓarya ko tsintsiya ba, ba za ta kalli madubi ba. Aka ba ta wata 'yar wuƙa ta ajiye a gefen tabarma, wai saboda abin da ido ba ya gani. Limamin unguwarmu ya aiko cewa addini bai hana mai takaba fita da rana don wata buƙata ba, har gonarta za ta iya dubawa. Gwaggo ta ce wannan takabar 'yan gabas ce, ɗan'uwanta kuma ba ɗan gabas ba ne. Inna da ba ta barin ko ta kwana, ta yi shiru ta bi, don tana ganin wannan ne abu na ƙarshe da za ta yi wa Baba.

A tsakiyar takabar na haihu. Na daɗe da aure ban samu ba, kuma babu wanda ya kai Inna ɗokin cikin nan, har zannuwan goyo ta tanada tun kafin Baba ya kwanta. Aka kawo ni gida wankan jego, aka ba ni ɗakin da ke kallon nata. Ga mu nan mu biyu a kulle a gida ɗaya, ita saboda wanda ya tafi, ni saboda wadda ta zo, Gwaggo tana kai da kawowa a tsakaninmu da ruwan zafi da dokoki.

Wata rana da tsakar rana gidan ya yi tsit, yara suna makaranta, Gwaggo ta yi barci a inuwar rumfa. Sai na riƙa jin wani sauti daga ɗakin Inna, shaa, shaa, kamar ana goga busasshen ganye. Na lallaɓa na ɗaga labulenta kaɗan. Tana zaune a tabarma ta jingina da bango, idonta a buɗe yana kallon ƙofa amma bai gan ni ba. Ƙafafunta ne ke motsi a kan tabarmar, wannan ta ja, waccan ta biyo, daidai yadda mutum ke taku. Bakinta yana motsi. Na kasa kunne sai na ji tana gaisuwa ƙasa-ƙasa.

"Jam na? Ya aiki? A gaida mutan gida."

Ta ɗan yi shiru kamar ana amsa mata, ta gyaɗa kai, ƙafafun suka ci gaba. Na saki labulen na koma ɗakina na rungume jaririyata, ban faɗa wa kowa ba.

Ba a daɗe ba ta fara raba abincinta biyu. Za ta ci kaɗan, ta tura sauran gefe ta rufe da faifai, ta ce na Malam ne, yanzu zai shigo daga rumfarsa ta dukanci. Haka take kiran Baba, ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ran farko na ɗauka suɓutar baki ce irin ta mai baƙin ciki. Amma kullum sai ta yi, kuma fuskarta a sake, har da ɗan murmushi. Wata rana ma ta ce ya shigo ɗazu ya ɗauki hularsa, yana sauri ne shi ya sa bai zauna ba.

Gwaggo ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta ce ai dama haka suke yi, marigayi yana zagayowa ya duba iyalinsa, shi ya sa aka ce mai takaba ta killace kanta. Sai ta ƙara tsanantawa. Ta toshe tagar ɗakin da tsumma, ta riƙa turara hayaƙi safe da yamma, ta hana ƙawayen Inna wuce bakin ƙofa. Na ce mata wannan ba takaba ba ce, kurkuku ne. Ta ce ni da ko cibiyar 'yata ba ta warke ba zan koya mata zaman duniya. Na mayar mata, ta kai ƙarata wurin Yaya, babban wanmu, shi kuma ya ce in ba ta haƙuri. Na ba ta da baki, amma raina yana tafasa.

Abin da ya karya ni ya faru ne ana kusa da gama jegona. Na shiga ɗakin Inna da yarinyar a hannu, na ɗora mata ita a cinya kamar yadda na saba. Ta karɓe ta da kyau, ta gyara mata wuya, ta kalle ta. Sannan ta ɗago ta kalle ni da irin kallon da ake yi wa wadda ta shigo neman ara.

"Masha Allahu. Baiwar Allah, 'yar wane gida ce?"

Na yi dariya, na ce, "Inna, jikarki ce mana."

Ita ma ta yi dariya irin ta kunya, ta rufe baki da gefen mayafi. "Jika kuma? Ni da ko haihuwar fari ban yi ba. Ke dai daga wane gida kike?"

Na tsaya a kanta ina kallonta. Wannan matar ta goya ni, ta yi mini kitso har na yi aure, ta sha kuka tare da ni duk watan da na ga jini. Yanzu tana tambayata gidanmu cikin ladabi. Na karɓi 'yata na fita. Na ji tsoro ƙwarai ran nan, tsoron da ban ji ba ko ranar da aka fita da gawar Baba.

Takaba ta ƙare, aka yi sadaka, Gwaggo ta ɗaure ƙullinta ta tafi tana cewa ta sauke nauyin ɗan'uwanta. Ta bar mana Inna da kumburarrun ƙafafu, ba ta iya kaiwa zaure sai ta dafa bango. Wani lokaci ta san ni, wani lokaci ni baƙuwa ce mai kirki da ke yawan zuwa. Muka kai ta asibiti ni da Yaya. Nas ɗin da ta duba ta, wata mace mai sanyin magana, ba ta ɓoye mana ba. Ta ce irin wannan mantuwar ƙila ta daɗe tana tahowa a ɓoye, baƙin ciki da zama wuri ɗaya suka buɗe mata ƙofa, kuma ba su da maganin da zai mayar da Inna yadda take. Amma ta ce ƙwaƙwalwa jini take sha kamar kowace gaɓa, motsa jiki kuma yana tura mata shi. A bar ta ta yi tafiya kullum gwargwadon ƙarfinta, ta yi hira da mutane, ta taɓa aiki da hannunta.

Yaya ya ce to a gabanta, muna fitowa ya ce ba zai yiwu ba. Mutumin kirki ne, yana son Inna, amma bakin mutane yake tsoro fiye da komai. Ya ce yana da shago a kasuwa, kowa ya san shi, sai a ga tsohuwarsa tana yawo a titi hankali ba daidai ba a ce ya kasa riƙe ta. Ta sha wahala a duniya, yanzu lokacin hutunta ne. Ya sayo mata kujera mai taushi da fanka. Da aka tsince ta a zaure wata rana tana ƙoƙarin fita wai za ta tari Malam, sai ya sa kafinta ya buga sakata can sama inda hannunta ba ya kaiwa.

Akwai wata maƙwabciyarmu, tsohuwa ce sa'ar Inna, Kirista daga duwatsun Michika, muna kiran ta Mama. Gonarta tana jikin ta Inna, sun fi shekarun haihuwata suna tafiya tare suna faɗa a kan hanya suna shiryawa. Ita ta kula da gyaɗar Inna duk daminar nan. Ran nan ta shigo da fartanya a kafaɗa, ta leƙa ta ga Inna a kujera fanka tana kaɗa ta, ta juyo kaina da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Kai, Auta, haka za ka bar uwarka ya ruɓe? Gyaɗa nashi ya nuna, ni kaɗai zan cire? Ni jaki ne?"

Na ce Yaya ya hana.

"Yayanka yana kasuwa. Buɗe ƙofa."

Na taka turmi na zare sakatar. Na goya 'yata, na sa wa Inna hijabi da takalmi. Ba ta yi gardama ba, murna ma take yi, ta ce gara mu je mu tari Malam a hanya tunda ya yi jinkiri. Ban gyara mata ba. Ran nan iyakarmu bohol ɗin ƙarshen layi, ta zauna a kan dutse tana haki, muka dawo da ita a tsakaninmu. Washegari muka ƙara kaɗan. Yaya ya ji labari ya yi faɗa, na ce masa in yana so ya hana sai ya rufe shago ya zo ya zauna a zaure da kansa, kuma bai zo ba.

Haka muka riƙa yi kowace safiya bayan an karya. Hanyar Kolere a ƙarshen damina duk kwazazzabai ce da taɓo, sai an zaɓi wurin sa ƙafa. Na lura Inna ba ta kallon ƙasa tana shakka kamar yadda take yi a tsakar gida. Ƙafar ce ke zaɓa da kanta. Kumburin ya fara saɓewa, bayanta ya fara miƙewa. Muka wuce masallaci, muka wuce injin niƙa, har wata safiya muka gangara bakin mayo.

Ruwan ya ja baya, yashi ya fito, mata suna wanki can ƙasa. Tun daga injin niƙa Inna ta daina surutun Malam, takunta ya canza, ya koma irin na da, mai sauri da ɗan jan ƙafar hagu. Ta nuna wata tsamiya ta ce a nan ne maciji ya taɓa faɗo wa Mama a kai ta zubar da kwandon gyaɗa. Mama ta ce ƙarya ne, ba ta zubar ba, ajiyewa ta yi. Suka yi dariya. Sai Inna ta juyo ta kalle ni, kallo sosai, daga fuska har goyon da ke bayana.

"Auta, kin haihu?"

Na ce, "Na haihu, Inna. Mace ce."

Ta zagayo bayana ta buɗe zanen ta leƙa. Ta daɗe tana kallo. Ta ce goyon ya yi ƙasa, in ɗaga shi, haka ake goyo kamar mai ɗauke da buhun masara? Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ran nan ba. Ina cikin gyara zanen sai na ga ta tsaya cak, tana kallon hayi. Fuskarta ta sauya a hankali, kamar wadda aka raɗa wa magana a kunne.

"Malam ya rasu ko?"

Mama ta kalle ni, na kalle ta. Na ce, "Ya rasu, Inna. Tun farkon damina."

Ta durƙusa a kan yashin ta yi salati, sannan ta fashe da kuka, irin kukan da Gwaggo ta hana ta yi da ƙarfi. Muka zauna da ita har ta gaji. A hanyar dawowa hankalinta garau, ta tambayi wanda ya yi masa wanka, ta tambayi inda aka sa shi, ta tambayi kayan aikinsa. Muka shiga gida ta zauna a kujera ta sha ruwa. Na shiga na shayar da yarinya na fito. Kafin azahar na tarar ta raba abincinta biyu ta rufe rabi da faifai, tana murmushi.

Washegari haka, jibi haka. Mu fita da amarya mai jiran mijinta, mu isa bakin mayo da tsohuwa mai jika wadda mijinta ya mutu, kuma kullum sabo ne a wurinta, kullum sai ta durƙusa. Matan da ke wanki suka fara sanin lokacin, suna ganin mu sai su rage hira. Magana ta kai kunnen Yaya. Ya zo har ɗakina ya ce, "Ke wace irin zuciya gare ki? Tana zaune lafiya cikin farin cikinta, kullum sai kin ja ta kin je kin kashe mata miji?" Na so in yi masa rashin kunya amma maganar ta shige ni, don ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan. Na ce wa Mama mu dakata.

Kwanakin da muka dakata ba na son tuna su. Inna ta lafa a kujera, ba kuka, ba damuwa. Sai dai gidan ya fara cika da mutanen da ba ma gani. Wata rana da hantsi na fito na tarar ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, duk waɗanda muke da su, ta jera kofuna. Rana tana dukan tabarmin, ba kowa a kai. Na zo zan wuce da bokiti sai ta daka mini tsawa.

"Ke baiwar Allah, ba kya gani ne? Za ki taka ƙafar Iya."

Iya mahaifiyarta ce, ta rasu tun ban shiga makaranta ba. Na tsaya da bokitin a hannu. Ta riƙa nuna mini su ɗaya bayan ɗaya, yayarta, ƙanenta da ruwa ya ci, wata ƙawarta ta ƙuruciya, tana gaya mini inda kowa ya zauna don in san ta inda zan bi. Kuma wallahi sai na tsinci kaina ina raɓawa ta gefen tabarmin, ina ɗaga ƙafa. Yarinyata ta yi kuka daga ɗaki, Inna ta ce a kai 'yar mutane wurin uwarta, tana damun baƙi. A duk waɗanda ta lissafa ran nan babu mai rai ko ɗaya, ba ni, ba Yaya, ba Mama da ke bayan katanga tana tankaɗe.

Da safe na taka turmi na zare sakatar, ban nemi shawarar kowa ba.

Muka koma tafiya, kuma wannan karon ba mu tsaya a mayo ba, muka haye har gona. Inna ta zauna a gindin bishiya tana tsinke gyaɗa daga jikin ganye, hannunta yana yi da sauri kamar bai taɓa hutawa ba, ita da Mama suna gardamar wadda gonarta ta fi yi. Kullum a hanya nakan faɗa mata sunan yarinyar, kullum ta ce suna mai daɗi, washegari ta sake tambaya. Na riga na fid da rai. Sai wata safiya muna hawan gangaren hayi yarinyar ta yi atishawa a bayana, Inna ta kira sunanta ta ce Allah ya raya. Ba wanda ya tuna mata. Sunan da babu shi a duniya lokacin da kanta yake daidai, ga shi ya samu wurin zama. Mama ta yi guɗa har wani mai shanu ya waiwayo.

Wani abu kuma ya riƙa faruwa. Wurin da take tunawa da rasuwar Baba ya fara matsowa. Da sai mun kai bakin mayo. Bayan an kwana biyu sai ta tsaya a gindin tsamiya ta yi tambayar. Daga baya a injin niƙa, mutane suna layi da kwanukansu. Sannan a bakin masallaci. Kamar mutuwar tana tahowa ne a ƙafa daga hayi, kullum tana ƙara kusantar ƙofarmu. Kukan kuma ya riƙa raguwa. Ta daina durƙusawa, sai dai ta tsaya ta yi salati ta share ido mu wuce. Amma ko yaushe muka koma gida ta zauna, kafin rana ta karkata an sake ɗauke ta. Wani lokaci takan kai la'asar da saninta, wani lokaci ko ruwa ba ta gama sha ba.

Ban daina jin maganar Yaya a raina ba. Wata rana bayan an gama kaka, Mama ta tafi coci, muka fita mu biyu da goyona. Mun kai hayi mun juyo, Inna tana cikin hankalinta sarai, har ta gama yi mini faɗa a kan yadda nake barin yarinya ba hula. Muka zauna a kan wani dutse a bakin yashi don ta huta. Na daure na gaya mata komai. Na gaya mata yadda take a gida, da abincin da take rufewa, da baƙin da take shimfiɗa wa tabarma. Na ce mata a can ba ta kuka, a can Baba yana da rai. Na ce, "Inna, in kin fi son a bar ki a gida, ki faɗa mini yanzu da kike ji na. Ba zan ƙara fito da ke ba."

Ta riƙa murza yashi da yatsun ƙafa.

"Na sani," ta ce. "Ba duka nake mantawa ba. Yana zuwa mini kamar mafarki. A can ɗakin yana nan, ina jin tarinsa a zaure, Iya ma tana nan. Da daɗi, ba zan yi miki ƙarya ba."

Na ce, "To."

"Amma ke ba kya can. Na duba, ba kya can. Yayanki ba ya can, wannan 'yar ba ta can." Ta miƙa hannu ta taɓa ƙafar yarinyar da ta leƙo daga zane. "Su an riga an kai su makwancinsu, ba abin da zan yi musu sai addu'a, addu'ar ma sai na san sun mutu zan yi ta. Ki riƙa zuwa kina ɗauko ni."

Na share hawaye da bayan hannu.

"Kuma ki ji da kyau. Wata rana za ki zo in ce ba ni zuwa, ina jiran Malam. Ƙila in zage ki, ƙila in ce ban san ki ba. Kada ki saurari waccan matar. Ki sa mata takalmi ki ja ta."

Muka tashi muka kama hanya. Tun daga masallaci na ga ta rage sauri, ba don gajiya ba, don numfashinta daidai yake. Ta tsaya ta gaisa da mai kayan miya, ta tsaya ta kalli wasu awaki, duk abin da zai ja lokaci sai da ta yi. Da muka iso ƙofar gida na tura ƙyaure zan shiga, sai ta riƙe mini wuyan hannu da ƙarfi.

"Tsaya tukuna, Auta. Juyo nan."

Na juyo. Ta kama fuskata da hannu biyu, tafinta da kaushi, ta kalli goshina, ta kalli idona, ta kalli bakina, a hankali. Mutane suna wucewa suna kallonmu, ko a jikinta. Da ta gama ta sake ni ta gyara hijabinta.

"To, mu shiga," ta ce.